Dutsen Kaka Mai Ramin Sabulu a Hagu

Zuwa ga ƙanena Bahago,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwar ɗan'uwan da ya daɗe bai sa ka a ido ba, tare da roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da uwargidanka da 'ya'ya da jikoki. Ciwon bayan da ka ce yana hana ka sunkuyawa, Allah Ya yaye maka shi, Ya sa kaffara ne. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Matata tana nan tana fama da ni kamar yadda ta saba, ta ce tun da na bar aiki na zama kayan ɗaki, sai an ɗaga ni ake shara. Shagon askin kuwa na sakar wa babban ɗana, amma nakan je in zauna a benci in riƙa gyara masa aiki da baki, shi kuma yana yi kamar bai ji ba. Na san za ka ce me ya hana ni kiranka a waya. To, labarin da nake ɗauke da shi ya fi ƙarfin waya, kuma na san halinka, ba za ka bar ni in kai ƙarshen magana ba tare da ka katse ni ba. A takarda kuwa dole ka yi shiru.

Akwai wata magana da na tashi ina ji a gidanmu, ina kuma ƙaryata ta a raina tun ban fara gemu ba. Maganar Kaka ce, mahaifiyar Inna, wadda ka gado hannun hagu a wurinta. Kai lokacin kana ƙarami, kullum barci yake kwashe ka kafin ta kai tsakiyar labari, saboda haka bari in maimaita maka. Ta ce tana budurwa tana cikin matan da suke yi wa fada wanki, a zamanin sarkin sarakuna na ƙarshe, wanda daular ta rushe a hannunsa. A farfajiyar wankin akwai duwatsu a jere, kowanne da ɗan rami a gefen dama inda ake ajiye sabulu. Ita da yake bahaguwa ce, kullum sai ta tsallako da hannu, ta yi ta zungurin maƙwabciyarta da gwiwar hannu, har shugabar masu wanki ta gaji da rabon faɗa ta sa aka sassaƙa mata dutsenta daban, raminsa a hagu. Ranar da sojoji suka juya wa fada baya suka tare babbar ƙofa, tana durƙushe tana cuɗa zanin gado, sai ga wani mutum ya sauko matakala shi kaɗai cikin riga marar ado. Ya zauna a kan dutsenta, da kumfa da komai, ya cire takalmansa masu zaren zinariya, ya roƙe ta nata na katako da suke sawa saboda ruwa. Ta ce takalman ne suka gaya mata ko wane ne, domin ba ta taɓa ganin fuskarsa ba, ba a ɗaga kai in zai wuce. Ta ce ƙafafunsa ƙanana ne, diddigensa kuma da kaushi kamar na kowa. Ya zura takalman katakon ya fice ta ƙaramar ƙofar da ake zubar da ruwan wanki, yana ƙwas ƙwas, ita kuma tsoro ya sa ta jefa nasa a kwatamin ɗauraya.

Ka san dalilin shakkata. Na ƙare rayuwata da almakashi a hannu, kuma babu inda ake zuba labari kamar kujerar aski. A kujerar nan na aske jikokin masu riƙe wa sarkin sarakuna laima da yawan da ko laimar kasuwa ba za ta rufe su ba. Wannan kakansa ne ya ba shi ruwan sha na ƙarshe, wancan kakansa ne ya riƙe masa linzami. Da duk waɗanda aka ce suna tare da shi ran nan suna tare da shi, da sojojin ne za su gudu. Shi ya sa duk lokacin da Yaya, babbar yayarmu, ta ɗauko zancen dutsen Kaka sai in yi murmushi, ita kuma ta kira ni Sarkin Musu, sunan da har yau ba ta sauke mini ba.

Yanzu ga abin da ba mu gaya maka duka ba a waya, don kada hankalinka ya tashi. Tun da Yaya ta samu shanyewar ɓarin jikin nan ta zauna a kujera ta ƙi tashi. Likita ya ce ƙafar ba ta mutu ba, tana buƙatar a taka ta ne kawai, amma in ta ci gaba da zama jijiyoyin za su sandare, daga nan kuma babu dawowa. 'Yarta, wadda muke kira Nas saboda aikinta na asibiti, ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka. Ta sayo mata sanda mai ƙafa huɗu, Yaya ta mai da ita wurin rataye tawul. Ta ce ita ta gama tafiyarta a duniya, a ƙyale ta. Matar da ka sani, wadda in ta shiga kasuwa masu kaya suke gyara zama, ta koma kallon bango. Magana ɗaya ce take kawo haske a fuskarta, ita ce ta dutsen Kaka, kuma ta riƙa maimaita ta har yaranta suka fara raɗe-raɗin ko ciwon ya taɓa kai. Rannan ta dube ni ta ce in ina son ta yafe mini musun da na yi ta yi mata, in kai ta fadar ta ga dutsen da idonta kafin ta mutu. Nas ta ja ni gefe ta ce ita tsoro take ji. In muka je babu dutse, ɗan abin da ya rage wa uwarta na riƙewa ya tafi, kuma ta tabbata daga nan sai kwanciya. Ni ma abin da nake tsoro ke nan, domin a raina na riga na yanke cewa babu wani dutse.

Sai muka ƙulla dabara ni da Nas. Muka ɗauki mota, muka naɗe keken marasa lafiya a baya, muka ce tun da an fito sai an ga komai. Nufinmu mu yi ta zagaya da ita wuraren tarihin nan har ta gaji ta ce a koma gida, ba tare da an kai ga farfajiyar wanki ba. Bahago, dabarar ta fara cin mai ita, domin ni ne na rikice. Muka fara da barikin da sojoji suka fara bore. Bangonsa har yau da ramukan harsashi, na zura yatsana a ɗaya ya shige har gaɓa ta biyu. Ga ƙararrawar da suka buga da asuba tana rataye, ta tsage a gefe. Daga nan muka je tsohuwar tashar jirgin ƙasa inda aka ce an tsare shi kafin a fitar da shi daga ƙasar. Ɗan ɗakin jira ne, bai kai shagona ba, da benci ɗaya na katako da taga mai ƙarafuna. Na tsaya ina kallon bencin nan ina cewa a raina, mutumin da ake rufe tituna in zai wuce, nan ya zauna yana jiran jirgi kamar mai zuwa ganin suruki. Na yi ta surutu ina nuna wannan ina nuna wancan, har na manta da wadda nake turawa. Yaya kuwa ko gezau. Da muka fito ta ce in mun gama yawo da hankalinta, ita dai fada ta ce a kai ta, kuma ba jiya aka haife ta ba.

Fadar kuwa, ɗan'uwana, sai ka gani. Babbar ƙofar kaɗai sai da na riƙe hulata kafin in ga ƙarshenta. Muka bi wata jagorar baƙi, mace mai fara'a da take ɗaga laima a rufe don kada mutanenta su ɓace mata. Ta kai mu zauren da ake karɓar jakadu, inda in ka yi tari sai ya dawo maka daga rufi. Ta nuna mana teburin da aka ajiye masa takardar murabus, da ɗakin kwanansa, gadon ma ɗan ƙarami, na rantse maka nawa ya fi shi faɗi. Ta nuna mana madubin da yake aski a gabansa, na tsaya na duba reza da burushin da kyau, na ce wa Nas ko ba komai mutumin ya san kayan aiki. A bangon zaure akwai wani babban zane, an yi shi a kan farin doki yana fita ta babbar ƙofa, kai a sama, mutane suna kuka. Yaya ta kalli zanen ta ce wanda ya zana wannan bai zo aiki ba ran nan. Can a wani akwatin gilashi sai ga takalma masu zaren zinariya, sun yi baƙi sun motse. Yaya ta sa na matsa da keken har gwiwarta ta taɓa gilashin, ta ce in duba ƙanƙantarsu, yadda Kaka ta faɗa. Na ce kowace tsohuwar fata motsewa take yi. Ta ce ni ma ai na motse, amma ba a fasa gane ni ba.

Ita da kanta ta tambayi jagorar ina farfajiyar wanki. Matar ta ce tana nan a baya, ba a rufe take ba, mutane ne dai ba su cika nema ba, kuma gaskiya ita ba ta taɓa lura da ramukan sabulu ba. Ta nuna mana hanya da laimarta. Muka bi wani dogon lungu ta bayan ɗakunan girki, ƙafafun keken suna ƙara a kan dutse, ni da Nas ba mai kallon wani. A ƙarshen lungun sai matakala, siririya, ta gangara ƙasa ta karya kwana, keke ba zai bi ba ko an naɗe shi. Na ji sanyi a raina, na ce Allah Ya kawo mafita. Na ce wa Yaya bari in sauka in dubo mata. Ta ce ni ne mutum na ƙarshe da za ta aika, domin in na ce akwai ta san tausayi ne, in na ce babu ta san hali ne. Nas ta ce to bari ta ɗauko mata hoto a waya. Yaya ta ce da hoto take so da ba ta baro ɗakinta ba. Ta zauna tana kallon matakalar nan, hannunta mai lafiya yana murza gefen keke, na ga idonta ya kawo ruwa. Ta buɗe baki, na san cewa za ta yi mu juya.

Sai muka ji murya daga ƙasa. Wani dattijo ne yake ba iyalinsa labari, kuma farfajiyar tana ɗago magana kamar rijiya. Muka ji yana cewa kakarsa bahaguwa ce, aka sassaƙa mata dutse na daban, kuma a kan wannan dutsen sarkin sarakuna ya zauna ya cire takalmansa ya karɓi nata na katako. Har kaushin bai bari ba. Bahago, da ka ga fuskar Yaya. Hawayen nan ban san inda suka shiga ba. Ta tambaye ni ko kunnenta ne, na ce nawa ma ya ji. Ta ce wane ne wannan yake rabon kayan gidanmu tana raye. Ta juya ta ce wa Nas ta miƙo mata abin rataye tawul ɗin nan, domin Nas ta ɗauro sandar a bayan keke ko da za a dace. Ta dafa, ta yunƙura ta koma, ta sake yunƙurawa, sai ga Yaya a tsaye. Nas ta shiga gaba tana sauka da baya, ni ina biye na riƙe Yaya ta ƙugu, ita kuma ta kama ƙarfen jikin bango da hannun hagu, tana jan ƙafar nan tana ajiyewa, tana haki, tana cewa mu yi sauri kafin ɓarawon ya tafi.

Farfajiyar tana nan yadda Kaka ta faɗa. Ga kwatamin ɗauraya ya bushe, ga ƙaramar ƙofar zubar da ruwa a can ƙarshe, ga duwatsu a jere sun yi santsi saboda cuɗa, kowanne da raminsa a dama. Na bi su da ido, sai na ga mai rami a hagu. Kafin in gama murna na ga wani, can kuma na ga na uku. Ashe fadar nan bahagwai uku ta ci da su. Dattijon yana zaune a kan na kusa da matakala, dogo ne siriri, tsohon ma'aikacin gidan waya, kuma duk wanda ya yi masa askin da ke kansa bai ji tsoron Allah ba. Yaya ta yi masa sallama cikin ladabi, ta ce bawan Allah, ta ji yana ba da labarin kakarta, ta zo ta ji ko su dangi ne ba ta sani ba. Ya miƙe ya ce baiwar Allah, ai labarin kakarsa ne, ga ma dutsenta, kuma hankali ma ya nuna wanda ya sauko a gajiye dutsen farko zai samu ya zauna. Yaya ta ce da gani bai taɓa gudu ba, domin mai gudu a bakin ƙofa yake sauya takalmi, kuma dutsen Kaka shi ne na kusa da ƙofa. Ya ce kakarsa ta binne takalman a bayan ɗakinta. Ta ce to waɗanda ke cikin gilashi a sama tsirowa suka yi? Ya tambaye ta wace ƙafa sarkin ya fara cirewa, ta ce hagu, ya ce wannan kam haka ne. Ta ce ta gane yanzu, kakarsa ita ce maƙwabciyar da Kaka take zungura, ta ga abin daga gefe ta kai gida ta mai da shi nata. Ya ce shekara da shekaru yana raba wasiƙu gida gida, karnuka sun bi shi, amma bai taɓa haɗuwa da irin wannan ba. 'Ya'yansa suna ta dariya, shi ma yana ƙoƙarin ɓoye tasa.

Duk wannan fafatawar a tsaye Yaya ta yi ta, har tana ɗaga sandar tana nuni da ita. Nas ta matso kusa da ni tana share ido, ta raɗa mini kada in kuskura in tuna mata. Da Yaya ta ga ta ishe shi, sai ta juya ta taka da kanta har dutsen bakin ƙofa, ba wanda ya riƙe ta. Ta sunkuya ta sa hannun hagu a ramin sabulun, ta daɗe tana shafa shi. Sannan ta juya ta zauna a kai, ta ce in zo in tsaya a gabanta. Ta ba ni labarin tun daga farko kamar ban taɓa ji ba, rabinsa a zaune, da ta zo wurin fitarsa ta ƙofa kuma ta miƙe ta nuna mini yadda ya taka.

Kada ka tambaye ni ko na yarda. Duwatsu uku sun nuna an yi bahagwai a fada, ba su nuna inda wani ya zauna ba, amma wannan magana daga ni sai kai, in ta fita na san inda ta bi. Abin da na sani shi ne tun da muka dawo, kullum da safe Yaya tana zagaya tsakar gida da sandarta, tawul ya koma ƙusa. Likita ya duba ƙafar ya ce ko mene ne muka ba ta mu ƙara mata. Dalilin kuwa, sun yi alkawari da mutumin gidan wayan za su sake haɗuwa a farfajiyar, kowa ya zo da hujjarsa, kuma ta rantse ba za ta bari ya ga ana riƙe ta a matakala ba. Shi ya ce zai zo da jikarsa bahaguwa. Ita kuma ta ce tana da ƙane wanda tun yana goye da hagu yake karɓar abu, gadon Kaka tsantsa, kuma a rubuta masa ya zo. Ka ga inda doguwar takardar nan ta dosa. Kai ne hujjar, Bahago. Ka nemi hutu, ka lallaɓa bayan nan naka ka hau mota, ga kuma dutse na uku babu mai shi, in ka zo da wuri sai mu ce na wata goggonmu ne.

Ka gaishe mini da uwargidanka da kyau, ka ce mata matata tana tambayar ta. Ka gaishe da Dogo da matarsa, da Injiniya, da 'Yar Auta da maigidanta, da jikokin nan duka har wanda aka haifa ban gani ba. Nas tana gaishe ka, babban ɗana ma haka, ya ce in ka zo askinka a wuyansa, ni kuma na ce ka bari ni in yi maka. In yaranka suka tambaye ka a ina na samo wannan labari, ka ce na fara jin sa a bakin Kaka ina musu, na ji a bakin Inna ina musu, na ji a bakin wani baƙo mai mugun aski. Wadda ta ba ni shi ta ƙarshe kuwa Yaya ce, a farfajiyar wankin fada, tana tsaye da ƙafafunta.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Naka har kullum,
Yayanka Mai Aski